Yadda Na'urar Yaya Ta Yi Shiru

Duk layinmu babu mai kiran yayana da sunansa. Allo Uku ake ce masa, har masu kawo mana takarda da tawada haka suke rubutawa a jikin kwali. Daga teburinsa sunan ya fito: allon kwamfuta uku a jere, sun yi masa rabin da'ira, shi kuma a tsakiya kamar matuƙin jirgin sama da bai taɓa tashi ba. Na hagu na tarkace ne, hotuna da sautukan da bai taɓa ba tukuna. Na tsakiya na aiki. Na dama shi ne ɗan gata: a nan yake kallon abin da ya kammala, kuma ya ɗan karkata shi wajen bencin baƙi don wanda ya kawo aiki ya ga kayansa daga zaune.

Shagon namu ne mu biyu. Ni ce a gaba, da firinta da injin yanka takarda da wayar da ba ta gajiya da ƙara. Ni ke buga banar talla da katin gayyata, ni ke ba da haƙuri idan an makara. Shi yana ciki bayan labule, yana zane da tace bidiyo. Idan ayyuka goma suka shigo, takwas a hannuna suke ƙarewa, amma idan uba ya zo wucewa da ɗansa, Yaya yake nuna masa ta taga ya ce, "Ka ga masu ilimi."

Kuma a faɗi gaskiya, ya iya. Yaya zai ɗauki bidiyon da aka ɗauka da hannu mai rawa a ɗaki mai duhu, ya mayar da shi abin da mai shi zai yi ta tura wa dangi. Matsalarsa ɗaya ce: ba ya shiga abu kaɗan-kaɗan. Lokacin da ya bar sukari, sai da ya kwashe gwangwanin shago ya ba maigadi, ni ma na koma shan shayi salam ba tare da likita ya hana ni ba. Lokacin da ya karanta cewa zama na kashe mutum, kujerarsa ya kyautar, ya ɗora allunan a kan kwalaye yana aiki a tsaye yana yi wa duk wanda ya zauna kallon tausayi. Da ƙafa ta kumbura, tawa kujerar ya aro. Har yau tana wajensa.

Kwamfutar tasa akwati ce babba mai gefen gilashi, ana hango cikinta. Fanka bakwai ne a ciki, na ƙirga tun ranar da aka kawo ta, don ni na sa hannu a takardar karɓa. Uku daga ciki suna jikin katin hoto, wani ƙaton abu mai kama da bulo, wanda ya fi komai tsada a shagon. Kamar yadda Yaya ya sha bayyana mini, katin ne ke ɗaukar nauyin bidiyo, shi ke ciyar da allunan, ya bar wa ƙwaƙwalwar kwamfutar ƙananan lissafi. Idan Yaya na fitar da aiki, wato kwamfutar na haɗa bidiyon da ya gama tacewa ya zama kammalalle, fankokin nan kan ɗauki kuka kamar injin niƙa, kofin shayi ya riƙa tafiya da kansa a kan tebur. Masu kira a waya sukan tambaye ni ko a bakin titi nake.

Mutum ɗaya ne duk wannan bai taɓa burge shi ba, surukin Yaya, wanda kowa ke kira Baba Mai Katifa. Yana da masana'antar katifa da shaguna a cikin gari, kuma tun da ya ba Yaya 'yarsa bai yarda cewa aiki yake yi ba. Gaisuwarsu ba ta canzawa.

"Ya aiki? Har yanzu kana kallon talabijin ɗin nan uku?"

"Muna taɓawa, Baba."

"Madalla. A dai riƙa hutar da ido."

Tallansa kuwa mutanen bene yake kai wa, wani kamfani da ke hawa na biyu a tsallaken titi, ƙofa da ƙofa da mu. Mukan hango motarsa ta tsaya, ya fito, ya ɗaga mana hannu, ya hau can.

Sai Baba ya tashi buɗe sabon shago, da ƙaton allon talla a goshin ginin. Anti, matar Yaya, ta yi ta zarya gidansu tana lallaɓa mahaifiyarta, mahaifiyar ta lallaɓa Baba, har ya ce to, a ba yaron ya gwada. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: shi da kansa zai fito a tallan. Aka je aka ɗauka. Baba cikin manyan kaya ya juya wa katifa baya, ya saki jiki ya faɗa a kanta, da niyyar Yaya ya rage saurin hoton, a ga dattijo na sauka a hankali cikin natsuwa, murya na cewa barci mai daɗi. Sau tara Baba ya faɗa kafin ya ce ya isa, ƙugunsa ba na haya ba ne.

Ban taɓa ganin Yaya da zumuɗi irin na makon nan ba. Ya san abin da ke gabansa: idan Baba ya kalli tallan ya gyaɗa kai, an daina zancen talabijin har abada.

Ana cikin haka babbar manhajar kwamfutar, wadda komai ke gudana a kanta, ta ga dama ta sabunta kanta. Yaya na tsakiyar aiki, alluna uku suka yi shuɗi, aka rubuta masa ya jira, kada ya kashe. Abin da ya rasa bai taka kara ya karya ba, don yana adana aiki a kai a kai. Amma ya fito daga bayan labule fuskarsa kamar an mare shi a kasuwa.

"A shagona. A kan teburina. Na'urar da na saya ta ce in jira."

"Ai ta gama, Yaya. Ga ta can ta dawo."

"Yau ta ce in jira, gobe za ta ce in tashi ta zauna."

Kafin la'asar ya faɗa wani zaure a intanet, na mutanen da suka bar irin manhajarmu suka koma wata ta kyauta, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya ga yadda aka ɗinka ta. Washegari ya zo da kalmomi sababbi. 'Yanci. Bauta. Leƙen asiri. Ya ce duk shekarun nan a gidan haya muke, mai gida na shigo mana ɗaki ba sallama.

Na ce masa na yarda, har ma zan riƙe masa tuta, amma a bari a miƙa tallan Baba tukuna.

"Auta, ke komai sai ki kawo lissafi."

"Lissafin ne ke biyan wuta."

"Da sabuwar zan gama shi. Zai ma fi sauri, babu tarkacen da ke cin ƙarfin na'ura."

Ya kwashe ayyukansa kaf a ma'ajiyar waje, wannan kam ba a koya masa. Sannan ya soma ɗora sabuwar, ni kuma ina tsaye a kansa da almakashi a hannu. Tambaya biyu ta yi masa, duka biyun na karanta da idona. Ta farko: a ajiye tsohuwar a gefe, ko a shafe komai?

"A gefe, Yaya."

"Na tashi daga gidan haya, kina cewa in riƙe makulli?"

Ya shafe. Ta biyu ta ce katin hoton nan yana da direba daga kamfanin da ya ƙera shi, wato 'yar manhajar da ke sa katin ya fahimci abin da ake ce masa. Amma direban rufaffe ne, ba a ganin cikinsa. A sa?

Yaya ya yi 'yar dariya irin ta wanda aka miƙa wa cin hanci a gaban jama'a. Ya danna a'a. Ya ɗauki hoton allon ya tura zaure, suka yi masa ruwan jinjina.

Da na'urar ta tashi, allon tsakiya ya kawo tas. Na hagu ya kawo, amma haruffansa ƙato-ƙato kamar allon gwajin ido a asibiti. Idan ya ja maus zuwa hagu sai kibiyar ta ƙi fita, sai ya ja dama sannan ta ɓullo ta hagun. Na dama kuwa, ɗan gatan, baƙi ƙirin. Na leƙa baya na ƙirga wayoyi, duk suna inda suke.

"Ƙananan abubuwa ne," in ji Yaya. "Ke dai saurara."

"Me zan ji?"

"Yauwa."

Shiru ne. Na'urar da ke hana ni jin waya ta koma kamar firij da aka cire wa wuta. Yaya ya buɗe bidiyon Baba a sabuwar manhajar tacewa, don tsohuwar ba ta zama a wannan gidan, amma ko tari akwatin bai yi ba. Ya fita ya kira mai gyaran waya na kusa da mu, ya kira tela, ya tsayar da su a bakin labule.

"Me kuka ji?"

"Ba mu ji komai ba, Allo Uku."

"To da can wahalar da ita ake yi. Rabin ƙarfinta a leƙen asirina yake tafiya. Yanzu ga aiki, ga natsuwa."

Tela ya ce shi ma da za a yi wa kekensa haka da ya gode.

Ni dai na durƙusa na leƙa ta gilashi. Ban san komai game da cikin kwamfuta ba, amma na iya ƙirga. Fanka huɗu na juyawa. Ukun da ke jikin katin suna tsaye cak, har da 'yar ƙura a kan fikafikansu.

"Yaya, ukun nan ba sa motsi."

"Hutawa suke yi. Ba a saba ganin ma'aikaci na hutawa ba, shi ya sa abin ya ba ki tsoro."

Haka aka shiga aiki. Ya koyi sabuwar manhajar tacewar da sauri, don kansa na ja. Sai dai duk inda ya taɓa, hoton sai ya yi tunani kafin ya amsa. Ya ce zafi ne, na kunna masa fankar tsaye. Ya ce wutar ce ba ta da ƙarfi. Ya ce wanda ya ɗauki bidiyon ne ya ɗauka da nauyi, alhali shi ya ɗauka. A kusurwar allo kuma wani ɗan saƙo na ta leƙowa, yana tuna masa cewa direban nan fa yana nan idan yana so. Yaya ya riƙa kore shi kamar ƙuda, ko karantawa ba ya yi.

A zaure ya kai ƙara. Wani ya ce ya rage kwalliyar bidiyon. Wani ya ce ya sayar da katin ya sayi na kamfanin da ke mutunta 'yanci. Wani ya tambaye shi me mutum ɗaya zai yi da allo uku, shi da ɗaya yake rayuwa kuma lafiyarsa ƙalau. Mutum ɗaya ne ya ce masa, malam, ka sa direban ka yi aikinka, sai sauran suka taru a kansa har ya fice.

Ana gobe Baba zai zo gani, Yaya ya danna fitar da bidiyon. Kwamfutar ta nuna lokacin da za ta gama. Na kalli agogo, sai na ga ba nan ya kamata in duba ba, na juya wajen kalanda. Za ta gama bayan an buɗe shago, an share wurin, an mayar da kujerun haya.

Anti ta shigo da kular abinci ta same mu a haka.

"Abban yara, ka mayar da ita yadda take mana."

"Babu yadda take. Na shafe."

"To wannan abin da ke leƙowa fa? Auta ta ce idan ka danna shi za ta warke."

"Auta likitar kwamfuta ce?"

"Ni ban ce za ta warke ba," na ce. "Cewa na yi shi kaɗai ne ba ka gwada ba."

"Na yi magana a gaban mutane. Hoton yana zaure."

Anti ta ajiye kular da ɗan ƙarfi. "Mutanen zauren ne suka ba ka mata? Bakina ya bushe a gidanmu kafin a ba ka aikin nan. Idan Baba ya yi maka dariya wannan karon, ni ba zan ƙara buɗe baki ba."

Yaya ya ce babu mai dariya. Zai soke fitarwar, ya nuna wa Baba tallan kai tsaye daga cikin manhajar tacewa, idan ya amince sai a san yadda za a yi. Ya ce ai abin kallo ne kawai.

Baba ya zo da hantsi, kuma bai zo shi kaɗai ba. Dilolin katifarsa biyu ya taho da su, wani dogo da wani mai tumbi, su shaida. Suka zauna a bencin baƙi, suka fuskanci allon dama kamar yadda na nuna musu bisa sabo. Baƙi ƙirin, sai fuskokinsu uku a ciki.

"An fara ne?" in ji mai tumbi.

"Wannan yana hutawa," in ji Yaya. "Baba, ko za ku matso ciki."

Dattawa uku suka cusu bayan labule, a wurin da aka yi don mutum ɗaya. Baba ya zauna a kujerata ta dā. Yaya ya danna.

Kiɗan ya fara lafiya. Baba na cikin allo ya juya wa katifa baya, ya buɗe hannuwa, ya soma sauka. Sai ya tsaya a iska, a karkace, baki buɗe, ido ɗaya a rufe, hula ta rabu da kai ta rataye a sama. Kiɗa na tafiya, murya mai taushi ta ce barci mai daɗi, Baba na nan a rataye. Sai hoton ya zabura: ga shi kwance. Ya sake zabura: ƙafafu a sama, takalmin gida ɗaya ya fita. Ya ƙara tsayawa a nan, ya daɗe. Sau shida ya tsaya kafin a kai ƙarshe, kuma ko sau ɗaya bai tsaya a inda mutum zai so a gan shi ba.

Dogon ya kama tari. Mai tumbi ya kalli silin, kafaɗunsa na rawa, daga bisani ya kasa.

"Ranka ya daɗe, katifar ce ta ƙi karɓarka?"

Baba bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya gyara hularsa ta gaske.

"Wannan za a sa a goshin shagona?"

"A'a Baba, kallon gwaji ne. Idan an fitar sumul zai tafi."

"To fitar."

"Zai ɗan ɗauki lokaci."

Daga nan Yaya ya yi abin da na roƙi Allah kada ya yi. Ya soma bayani. Ya yi zancen gidan haya, ya yi zancen leƙen asiri, ya ce yanzu babu kamfanin da ke da iko da ko ƙusa ɗaya a teburin nan. Da ya ga fuskar Baba ba ta motsa ba, sai ya jawo babbar hujjarsa.

"Baba, ka saurara ma ka ji. Da can ƙara take kamar injin niƙa. Yanzu shiru."

Baba ya karkata kai ya saurara da gaske. Ya sunkuya ya leƙa ta gilashi.

"Wannan ƙaton na tsakiya, shi ne mai tsadar da 'yata ta ce ka sayar da babur ka saya?"

"Shi ne, Baba."

"Ni a masana'anta, idan na shiga na ji injin yanka soso ya yi shiru, ba na cewa an samu natsuwa. Sito nake zagayawa, don na san suna can kan katifuna suna barci." Ya miƙe. "Auta, zuba mini faɗuwar nan tara a filashi. Ba zan sake faɗuwa don kowa ba."

Na zuba. A gabanmu ya kira mutanen bene ya ce yana hawowa. Har ya kai ƙofa sai ya dawo, ya tsaya a gaban allon dama ya ƙwanƙwasa gefensa da yatsa.

"Wannan ka ce hutawa yake yi?"

"Eh, Baba."

"To ba ni aronsa. Na sa kyamarori a sabon shago, ban sami abin kallo ba. Kai biyu ma sun ishe ka."

Da wani ne ya faɗi haka, da Yaya ya yi masa lacca har magariba. Amma suruki ne, kuma da bakinsa ya ce allon ba ya aiki. Shi ya kwance wayoyin, shi ya naɗe shi a bargon da muke rufe firinta, shi ya kai shi mota. Mai tumbi ya riƙe masa ƙofa.

Bayan sun tafi na koma kan banata. Duk abin da zan faɗa an riga an faɗa da murya mai tsada. Can sai na ji kofi na tafiya a kan tebur. Sannan kukan ya taso, cikakke, irin na dā. Na ɗaga labule. Saƙon kusurwa ya ɓace, haruffan allon hagu sun koma girmansu na dā, fanka bakwai na juyawa. Yaya bai waigo ba.

"Gwaji nake yi," ya ce.

Kafin in gama yanke banar bidiyon ya fita. Da Anti ta zo ɗaukar kularta muka kalla mu biyu. Baba ya sauka a hankali kamar auduga, rigarsa na buɗewa, katifar ta karɓe shi, fuskarsa ta saki. Ban taɓa ganin aikin Yaya da ya kai shi kyau ba. Anti ta kalla har ƙarshe, ta ɗauki kularta ta ce a gaida gida, ko da yake gidan nata ne.

Na ce a tura wa Baba ko a waya ne. An tura. Ya amsa da cewa ya riga ya yi magana da mutanen bene, kuma shi ma ba ya janye magana.

Tallansu ne yanzu a goshin shagon. Baba na faɗawa da sauri kamar an ture shi, haruffa na walƙiya ta ko'ina. Allon Yaya kuma yana kan kantar manaja, an raba shi gida huɗu, yana nuna sito da ƙofar baya. Launinsa dai har yanzu babu kamarsa. Idan an haɗu, gaisuwar ta ɗan canza.

"Ya aiki? Talabijin ɗin nan biyu suna nan lafiya?"

"Muna taɓawa, Baba."

Yaya yana nan kan sabuwar manhaja, da direban, kuma tana yi masa aiki yadda ya kamata. Zauren ne bai sanar da su ba. A can har yanzu gwarzo ne. Duk wanda ya shigo da kwamfuta a hannu sai ya ji huɗubar gidan haya, cikin ɗaga murya, saboda ƙarar fanka. Ni kuwa na sa wa tawa ta gaba kalmar sirri, na kuma daina barinta a kunne idan zan fita.

Sunan bai canza ba, kwalaye na zuwa da Allo Uku a jikinsu. Kuma duk lokacin da ya kammala aiki, sai in ga ya ja maus, wuyansa ya juya dama da kansa, ya tsaya yana kallon bango da wayar da ke lilo a wurin.